Kamasho a kan ciniki ko a kan riba? Nan masu shago ke tafka kuskure

[Yaron shago na buɗe ƙofa da safe]

To jama'a, kwana biyun nan kowa faɗi yake wai in kana so yaran shagonka su zauna kar su gudu, kawai ka sa musu kamasho shikenan. Ba ƙarya ba ne, amma kamashon a kan me? Nan fa ake yin ɓarin.

Sauran kun riga kun sani, mu wuce da sauri: albashi ya fito ranar da aka ce, ba "bari zuwa jibi" ba, ranar hutu a san ta tun wuri, kuma don Allah kar ka yi wa yaro tsawa a gaban kwastoma. Wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, tun 1959 ya nuna cewa albashi da yanayin aiki ƙorafi kawai suke ragewa, abin da ke sa mutum ya zage damtse shi ne a yaba masa, a damƙa masa amana, ya ga yana gaba.

[Lissafi a allo]

Yanzu kalli nan da kyau. A ce ka saro kaya 80, kana sayarwa 100, ka ce wa yaro yana da kashi 5 cikin 100 na duk abin da ya sayar. Ya sayar 100, ya samu 5, kai ka tashi da 15, kowa na murmushi. Sai ga kwastoma mai bakin ciniki, ya taya 85, yaro ya ce sallama. Shi nasa ya koma 4.25, abin da ya rasa bai kai 1 ba, kai kuma ribarka 5 ce, cire nasa, saura 0.75. Tsaya ka sake kallon lambar nan. Kuma ni ban ga laifin yaron ba wallahi, tsarin da ka kafa ya bi.

Juya shi, ka ba shi kashi 20 na riba. A 100 yana da 4, a 85 yana da 1 kacal. Yanzu kam sai ka ga yadda zai tsaya ya lallashi kwastoma.

[Yara biyu sun yi kan kwastoma ɗaya]

Wannan ma kun san shi ai, kowa na wawason mai shigowa, kanta ba mai gogewa, wanda ya dawo da kaya kuwa an bar shi tsaye kamar bai shigo ba. Ka ware wani ɓangare na kamashon a tara a raba wa kowa ƙarshen wata, mai jera kaya ma ya ji da shi ake.

Na san wani zai ce shi fa ba zai nuna wa yaro farashin sarinsa ba. Ba sai ka nuna ba, ka sa wa kowane kaya farashin da ba a sauka ƙasa da shi, kamashon ya fara daga abin da ya haura, ka rubuta a takarda ka manna inda za su riƙa gani.