Gwajin jinin zazzaɓin denge: yaushe aka ɗebi jinin?

Daga wata lacca da aka yi wa ɗaliban kiwon lafiya a Katsina, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Jama'a, assalamu alaikum. Mu a nan duk zazzaɓi maleriya ce, in ta ƙi jin magani sai a ce taifot. To akwai wani sauro mai ɗigon fari a ƙafafu, likitoci na ce masa Aedes. Da safe da la'asar yake cizo, kuma ruwa mai kyau yake so: randar da aka bari a buɗe, jarka, tsohuwar taya a bayan gida. Shi ke yaɗa denge da zazzaɓin shawara. A 2023 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta tabbatar da ɓullar denge a Sakkwato, kun ga ke nan ba labarin nesa ba ne.

Gwajin da za mu yi magana a kai ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sojojin da jiki ya tanada don yaƙarta yake nema, kuma iri biyu ne, IgM da IgG. Ku riƙe wannan da kyau. IgM ba ya fitowa sai zazzaɓi ya kwana huɗu ko biyar, ya yi wata biyu zuwa uku ya ɓace. IgG yana zuwa daga baya, shi kuwa in ya zauna ya zauna, har tsufa. Kamar sawun ɓarawo ne a ƙofar gida: ya nuna an shigo, bai ce yana ciki yanzu ba.

Saboda haka, mutum ya zo maka kwana biyu da fara zazzaɓi, ka yi IgM ka ga babu, kada ka ce masa lafiya lau. Ka yi gaggawa ne. A kwanakin farko gwajin NS1 ko PCR ake yi, don su cutar kanta suke kamawa. Ni dai takardar gwajin da ba a rubuta ranar fara ciwo a kanta ba, wallahi ban cika yarda da ita ba.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye. Denge da shawara 'yan gida ɗaya ne, sojojinsu na kama da juna. A 2019 an yi gagarumin rigakafin shawara a jihar nan. Wanda aka yi wa allurar, jininsa na iya nuna alamar denge alhali bai taɓa yi ba. Sai ka tambaye shi katinsa kafin ka yanke hukunci. In ana shakka, a sake ɗibar jini bayan mako biyu a ga ko sojojin sun ƙaru.

Wata ɗaliba ta yi tambaya: Malam, wanda ya taɓa yi ya tsira ke nan?

A'a, 'yata. Denge iri huɗu ce, wadda ka yi kaɗai ka tsira daga gare ta, kuma kamu na biyu ya fi hatsarin zubar jini. Shi ya sa in ana zargin denge ake ba da farasitamol da ruwa da yawa, a guji asfirin da ibuprofen. In aka ga jini a dasashi, ko amai ba tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani bayan zazzaɓin ya sauka, a wuce asibiti a ranar.