Sharhi: Lissafin Haila Daga Baya Ake Yin Sa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan jinin al'ada ne da gaɓoɓin da ke samar da shi, abin da mace ke rayuwa da shi shekaru talatin zuwa arba'in amma har yau ake maganarsa ƙasa-ƙasa.

A cikin marar mace, tsakanin mafitsara da dubura, mahaifa take zaune. Tsoka ce mai rami a ciki, tsawonta santimita 7 zuwa 8 idan babu juna biyu. Ƙasanta ya tsuke ya zama bakin mahaifa, wanda ya leƙa cikin farji. Ta sama kuwa, dama da hagu, bututu biyu sun miƙe, kowanne wajen santimita 10, zuwa gefen ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Bakin kowane bututu yana da wasu 'yan yatsu masu kaɗawa, su ne ke cafko ƙwan idan ya fito. A cikin bututun nan ƙwai ke haɗuwa da maniyyi, ba a cikin mahaifa ba kamar yadda da yawa ke zato. Shi ya sa toshewarsa ke hana haihuwa, kuma idan ciki ya maƙale a can, rayuwar mace na cikin haɗari.

Ita jaririya da ƙwayayenta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000, kuma waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba.

Umarnin kuwa daga ƙwaƙwalwa yake saukowa. Wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashinta tana sako sinadari cikin jini, ya je ya tayar da wasu ƙwayaye su fara girma. Jakunkunan da ƙwayayen ke ciki kuma sai su fitar da sinadarin istirojin, wanda ke sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. Idan ƙwai ɗaya ya nuna, wani sinadarin ya taso da ƙarfi, jakar ƙwan ta fashe, ya fito. Jakar da ya bari ba ta tashi a banza ba: ita ke samar da sinadarin furojestaron, mai riƙe shimfiɗar ko da ciki zai shiga. In bai shiga ba, bayan kamar mako biyu jakar ta ƙare aikinta, sinadarin ya sauka, shimfiɗar ta saɓule. Wannan ita ce haila. Ba wani gurɓataccen jini ba ne da jiki ke zubarwa, kuma yawanci bai fi mililita 30 zuwa 40 ba, duk da ido kan ga kamar ya fi haka. Ciwon mara kuwa, mahaifa ce ke matsewa don ta fitar da abin da ya saɓule.

To, a nan ne ake yawan tafka kuskure. An cusa wa mutane cewa kowace mace kwana 28 take yi, kuma ƙwai na fita a rana ta 14. Ina! Ga babbar mace, daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ce, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da ya sake dawowa. Tun a shekarun 1920, likitoci biyu, Kyusaku Ogino a Japan da Hermann Knaus a Ostiriya, kowanne a nasa binciken, suka nuna cewa ƙwai na fita ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa. Ke nan mai kwana 35 tana sakin ƙwai wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuma wajen rana ta 10. Ma'aurata da yawa masu neman haihuwa suna auna rana ta 14, alhali nasu lokacin bai zo ba ko ya riga ya wuce. Masu son tazara su ma lissafin ya sha kayar da su, domin ƙwai na rayuwa awa 12 zuwa 24 ne kawai, amma maniyyi kan kai kwana 5 a jikin mace yana jira. Ga shi rashin lafiya ko damuwa kan jinkirta fitar ƙwan ba tare da sanarwa ba.

Jiki yana ba da alama wadda ta fi kalanda gaskiya. Dab da fitar ƙwai, ruwan da ke fitowa daga bakin mahaifa yakan zama garai-garai, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, har ya miƙe tsakanin yatsu biyu. Bayan ƙwan ya fita sai ya yi kauri, zafin jiki kuma ya ɗan ɗaga.

Yarinyar da ta fara al'ada, ba abin tashin hankali ba ne idan ta yi ta tsallake wata a shekarun farko. Haka ma mace mai dosar tsayawar haila, wanda yawanci ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Amma jinin da ya wuce kwana 7, ko mai jiƙe auduga duk awa, ko ciwon da ke kwantar da mace ya hana ta aiki, ko ɗaukewar al'ada wata uku babu ciki, waɗannan na likita ne. Wadda kuma hailarta ta tsaya shekara guda sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ta je asibiti kada ta jira wani watan.