Jawabin maraba ga Mai girma Gwamnan jihar Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, mai girma Perefe, magajin garin Tirmini, sarakuna iyayen ƙasa, malamai, iyayenmu mata: da yawun maigari da dattawan wannan ƙauye nake yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, ƙauyenmu ƙarami ne, amma ƙasar da yake zaune a kanta ba baƙuwar tarihi ba ce. Kakanninmu manoma ne da suka sari daji suka kafa gidaje a bakin rijiya, suna kai hatsin haraji birnin Zinder tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa ya kuma sa aka ƙera igwa. A nan ƙasar Tirmini ne, cikin watan Yuli na 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya tari sojojin Faransa, kuma ko da yake nasara ba ta zo ba, har yau da alfahari tsofaffinmu suke ambaton ranar. Daga baya Zinder ta riƙe matsayin babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da Nasara suka mai da shi Yamai.

Abin da ya fi zama a zukatanmu, duk da haka, shi ne fari. Na 1973 ya kwashe dabbobi, na 1984 kuwa, wanda mutanenmu ke kira El-Buhari, ya kwashe samari zuwa ci-rani, wasu ba su sake dawowa ba. Bayansa ne manoma suka daina tumɓuke tohon gawo a gonakinsu. Ka dai gani da idonka a kan hanya: gawon nan yana zubar da ganyensa da damina, hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore, awaki su ci ƴaƴansa. Wannan aikin hannun talaka ne, ba wanda ya biya shi ko dala.

Ruwa ne ya fi ƙarfinmu. Ƙarƙashin yashin nan dutse ne, irin wanda ya daɗe yana wahalar da birnin Zinder kansa, don haka mai haƙar rijiya yakan tarar da shi kafin ya tarar da ruwa. Daga watan Maris, ƴan matanmu sukan fita da asuba da jakuna da jarkoki, kafin su dawo an tashi daga lakwal.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne a turo masana su duba inda ruwa yake, a haƙa mana rijiya mai zurfi da famfo. Yashi, tsakuwa da ƙarfin samari mun ɗauki nauyinsu, kuma mata sun riga sun kafa kwamitin da zai kula da kuɗin gyara.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.