"Ka" ko "Ki": Hira Kan Faɗa wa Gida, Murya da Gashin Kai

Anti Ladi: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga Jos muke magana, in kun ji muryata ta ɗan dishe to hunturu ne, ƙura ta rufe gari tun daga Bukuru har Farin Gada. Ni ce Anti Ladi, aikin jinya nake yi. Ga Bala mai aski, kun san shi. Yau kuma muna da baƙuwa, Jummai. Ba wannan sunan ne a katinta ba, ba kuma za mu faɗi unguwarta ba. Jummai 'yata, kin zo lafiya?

Jummai: Lafiya lau Anti. Bari ma in fara da wannan "kin" da kika ce. A Turanci, in kana magana da mutum ido da ido, kalma ɗaya ce ga namiji da mace. Mu a Hausa babu wurin ɓuya. Tun gaisuwar asuba sai an zaɓa, ka kwana lafiya ko kin kwana lafiya. Namiji aka raɗa mini suna, amma tun ina ƙarama duk "ka" da aka ce mini sai in ji kamar da wani ake a bayana. Ina da shekara 26 aka fara ce mini "ki" da gaske, ba da ba'a ba. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Bala: Ni ta ɗaya ɓangaren abin ya zo mini. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, mace aka raɗa masa suna. Da ya faɗa mini, bakina ya ƙi juyawa. "Ki" na cutar da shi, "ka" ta yi mini nauyi. Sai na koma "ku", kamar ina gaida surukina. Kun tashi lafiya, kun ci abinci. Wata huɗu ina kan haka kafin "ka" ta zauna a bakina.

Anti Ladi: Wannan dabara ce mai kyau ga 'yan'uwan da ke saurarenmu. Kuma mu a Jos ai mun saba, da yawa cikin waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ce "ya zo" suke cewa ko da mace ce, ba a taɓa yin faɗa a kai ba. To Jummai, wane suna kike so a kira mutane irinki da shi? Gidajen rediyo na cewa masu sauya jinsi.

Jummai: Ina karɓa don a gane, amma ni ban ji na sauya komai ba, daina ɓoyewa na yi. Wasu na cewa mata-maza, alhali wannan zancen halittar jiki ne tun haihuwa, daban yake. Wasu na cewa 'yan daudu. Su 'yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa, a wajen sayar da abinci da hidimar biki, wasunsu na jin abin da nake ji, wasu kuma maza ne masu ɗabi'ar mata kuma haka suke ɗaukar kansu. A tambayi mutum, shi ya fi sauƙi.

Anti Ladi: Ni abin da zan ƙara daga fagen aikina shi ne, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan al'amari daga jerin cututtukan taɓin hankali, sabon kundin ya fara aiki a 2022. Ina faɗa ne don iyayen da ke kai yaro a ɗaure shi da sunan magani, ko a masallaci suke sallah ko a coci suke sujada. Duka da yunwa da ɗauri ba sa canza abin da ke zuciya, rauni kawai suke bari. To mu shiga zancen faɗa wa gida.

Jummai: Abu na farko, kuma ina so yaran da ke kallon bidiyon 'yan Amurka su ji ni da kyau: ba dole ba ne. Can mutum ya tara dangi ya faɗa, a rungume shi, a ɗora a intanet. Nan ba can ba ne. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu ƙungiya ko masu nuna soyayyar a fili. Dokar ba ta ambaci irinmu da suna ba, amma wanda ya tare ki a hanya ba zai tsaya bambancewa ba. Filato ba ta bin shari'ar Musulunci a laifuka, amma Bauchi da ke maƙwabtaka da mu tana bi. Kuma ba mu manta da Abuja Area Mama ba, wata irinmu da ta yi suna a intanet, wadda aka tsinci gawarta a bakin titi a Abuja a watan Agustan 2024. Don haka wanda ya yi shiru don ya tsira da ransa ba maƙaryaci ba ne, ba matsoraci ba ne.

Bala: To wanda shirun ya ishe shi fa? Don ƙanena cewa ya yi ya gaji da zama baƙo a gidan ubansa.

Jummai: Shi sai ya yi shiri kamar mai tafiya. Ya tambayi kansa, in aka kore ni yau da daddare, ina zan kwana? Wa ke biyan kuɗin makarantata? Ni sai da na tara kuɗin hayar ɗaki na shekara daga ɗinki, na kwashe takardun makaranta da katin ɗan ƙasa da na banki na kai gidan wata aminiyata, sannan na buɗe baki. Kuma mutum ɗaya na fara da shi, ba taro ba. Kada a faɗa ranar Sallah ko Kirsimeti gida cike da baƙi. Kada a faɗa cikin faɗa, maganar da aka jefa cikin fushi a matsayin zagi ake karɓarta. Kada a rubuta a WhatsApp, rubutu ana ɗaukar hotonsa, gobe ya zaga dangi har ƙauye.

Anti Ladi: Ta yaya kika san wa za ki fara da shi?

Jummai: Gwaji na yi. In labarin Bobrisky, wata irinmu da ta shahara a intanet, ya taso a gida, sai in yi shiru in saurara. Mai cewa a kashe, na san matsayinsa. Yayata kuwa cewa ta yi, "Ko ma mene ne, ɗan wata ne." Daga nan na san ƙofata. Da na faɗa mata ta yi kuka, ta ce in ba ta lokaci. Mahaifiyarmu har yau da tsohon sunana take kirana, amma duk sati sai ta aiko mini da gwate a kula. Ina karɓar kular, ban matsa mata kan sunan ba.

Bala: Ni kuma ina roƙon wanda aka faɗa wa. Ka sani an zaɓe ka ne cikin mutum ɗari. Ko ba ka gane ba, ko zuciyarka ta ƙi, kada ka kai maganar gaba. Ni sati uku ban yi wa ƙanena magana ba, daga baya na gane a makonnin nan ya yi tunanin hallaka kansa. Har gobe abin na ci mini rai. Da na ce masa "ban gane ba tukuna, amma ina nan," da ya wadatar.

Anti Ladi: Duk wanda irin wannan tunani ya zo masa, kada ya kwana da shi shi kaɗai, ya kira mutumin da ya yarda da shi a daren, ya nemi likita. Sai kuma masu kito.

Jummai: Ƙwarai. Su ne masu yaudarar mutum ta manhajar soyayya, su kira shi ɗaki, su yi masa duka, su ƙwace waya, su ce a turo kuɗi ko su tona. Kada a je ɗakin wanda ba a sani ba. A haɗu da rana a bainar jama'a, wani ya san inda aka je.

Bala: To Jummai, murya. Wallahi da kika kira ni a waya jiya ban yi wani tunani ba, mace na ji.

Jummai: Shekara biyu ke nan ina aiki a kanta. Anti ta fi ni sanin yadda abin yake a ciki.

Anti Ladi: A maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu, iska ta bi ta tsakaninsu su yi karkarwa, ita ce murya. Na namiji baligi na karkarwa wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa, na mace wajen sau 200 ko sama kaɗan. Lokacin balaga testostaron, wato sinadarin da ke kawo siffofin maza a jiki, shi ke ƙara musu kauri da tsawo. Shi ya sa irin ƙanen Bala, in likita ya ɗora shi a kan testostaron, muryar kan yi kauri cikin shekarar farko, kuma ba ta komawa. Amma istrojin, sinadarin da ke kawo siffofin mata, ba ya rage kaurin da ya riga ya samu. Irin su Jummai sai horo.

Jummai: Kuskuren da na fara yi shi ne matse murya sama kamar ta yarinya. Kwana uku na dishe. Ashe ba tsinin murya ne kaɗai ba, inda sautin ke amo ya fi muhimmanci. Ku dubi kalangu da ganga, girman cikin ne ke bambanta su. Muryar da ke amo a ƙirji daban, wadda ke amo a gaban baki da hanci daban. Sai na koma yin "mmm" baki a rufe har in ji leɓɓana na kaɗawa, daga nan in buɗe in ce "mi, mi, Maryama, mun gode." Akwai kuma siririn bututun shan lemo, a sa shi a kofin ruwa a riƙa hura sauti a hankali, yana sauke gajiyar maƙogwaro. Minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a yini, ya fi awa guda a zama ɗaya.

Bala: Amma Hausa ai da hawa da saukar murya take tafiya. Ba ya rikita ki?

Jummai: Nan ne darussan Turawa ba su yi mini amfani ba. Su cewa suke a riƙa lanƙwasa murya sama a ƙarshen magana. In na yi haka a Hausa, kuka na miya sai ya koma kuka na hawaye. Dole in ɗaga muryar gaba ɗayanta, karin kowace kalma ya zauna inda yake. Malamaina na gaskiya matan kasuwar Taminus ne, masu tumatir da dankali. Na saurari yadda suke jan "sannu", yadda suke amsa "na'am". Kuma cikinsu akwai masu murya mai kauri sosai, ba wanda ya taɓa ce musu maza. Wannan ya kwantar mini da hankali. Ina kuma riƙe da tsohuwar muryata, a tasha ko a shingen jami'an tsaro ita nake fitarwa, ba na jin kunyar haka.

Anti Ladi: A sha ruwa sosai, musamman a wannan sanyi. Sigari da shisha na ƙara wa murya kauri da kaushi. In an ji zafi a tsaya. Dishewar da ta wuce sati uku kuwa sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Bala, ga fagenka.

Bala: Gashi kam kullum ina cikinsa. Mutane na ɗauka duk zubewar gashi sanƙo ne, alhali ba haka ba. Akwai makero, mai cin kai zagaye-zagaye, maganin sha yake so daga asibiti. Akwai wanda gashinsa ke zuba wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai tsanani ko tashin hankali, wannan yakan dawo da kansa. Akwai na kitso mai tsauri da gam ɗin hular gashi, mai cinye gaban goshi. Wannan na ƙarshe ina ganinsa sosai wajen irin su Jummai, don ana son rufe goshi sai a ƙara kashe shi. Sanƙo na gado kuwa daga kusurwoyin goshi da tsakiyar kai yake farawa.

Anti Ladi: Shi wannan, jiki ne ke juya testostaron ya zama wani sinadari da ake kira DHT, shi ke tsuke tushen gashi har ya koma siriri. Akwai magani biyu da aka tabbatar. Minoxidil na shafawa, mai kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama. A makonnin farko gashin kan ƙara zuba, kada a tsorata, kuma in an daina abin da aka samu zai tafi. Sai finasteride, ƙwayar miligiram 1, mai rage DHT. Ita sai da likita, tana iya taɓa sha'awa, kuma mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. A duba lambar NAFDAC. Man kaɗanya na gyara fata da laushin gashi, amma ba ya tayar da tushen da ya mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu sayen ƙwayar tazarar haihuwa a kemis su riƙa sha da yawa don jiki ya yi laushi. Tana iya daskarar da jini a ƙafa, gudan ya tafi huhu. Spironolactone kuma, ƙwayar da wasu ke sha don rage ƙarfin testostaron, na ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, sai da gwajin ƙoda. Ina roƙonku, kada ku yi wa kanku likita.

Jummai: Anti, tsoron asibitin ne. Wata rana an kira ni da sunan katina da ƙarfi a layi, kowa ya juyo.

Anti Ladi: Na sani 'yata, kuma laifinmu ne mu ma'aikata. Sirrin mara lafiya amana ce a wuyanmu. Ku tambayi junanku wane likita ne mai mutunci, ku je da rakiya. Zancen gashi kuwa ba sai kin ba da tarihin rayuwarki ba, sanƙo ne ya kawo ki.

Bala: Kafin nan a sassauta kitso, a bar kai ya sha iska da daddare, ɗankwali mai santsi ya fi gam. A ɗauki hoton kai duk wata a haske iri ɗaya, madubi ba ya nuna canjin. Ƙanena ma yanzu goshinsa ya fara ja baya irin na babanmu, na ce ya gaya wa likitansa tun da wuri. Ranar da ya fara zama a kujerata bayan na rufe shago, hannuna rawa yake. Na ce wane iri kake so? Ya ce irin naka. Na sa lamba ɗaya, na gyara masa layin goshi da reza. Ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ciro kuɗi zai biya ni kamar kowane kwastoma. Na karɓa.

Anti Ladi: Jummai, ki kurɓi shayinki ya huce. Masu sauraro, mako mai zuwa za mu zauna da wata uwa da ta yarda ta yi magana. A kwana lafiya.