Girkin Gida Mai Araha a Ƙasar Cek: Dankali, Tafarnuwa da Ragowar Burodi

Assalamu alaikum. Jama'a, wanda ya san abincin Cek daga gidajen cin abinci na birnin Prag zai ɗauka nama ne ginshiƙinsa, alhali tukunyar talaka a ƙasar ta dogara ne a kan dankalin turawa da fulawa da burodin da ya kwana. Dankalin bai samu karɓuwa sosai a yankin Bohemiya, wato yammacin ƙasar Cek, ba sai bayan yunwar da aka yi a shekarun 1770 zuwa 1772, lokacin da hatsi ya lalace, kuma har yau tuddan Vysočina ne cibiyar nomansa.

Mu fara da miyar tafarnuwa, wadda suke kira česnečka, domin ita ce mafi araha. Ana yanka dankali ƙanana a dafa shi a ruwa ko romo, da gishiri da wata tsaba mai ƙamshi da suke kira kmín. Abin da mai girki zai kiyaye shi ne kada ya zuba tafarnuwar duka tun farko, domin idan ta daɗe tana tafasa ƙarfinta yakan gudu. Sai a daka ta a zuba mafi yawanta dab da saukewa, tare da busasshen ganyen majoránka, wani ganye mai ƙamshi, da aka murza a tafin hannu. Burodin jiya kuma a yanka shi a soya har ya yi ƙaras-ƙaras, a watsa a kai.

Wainar dankali, wato bramborák, ta fi neman kulawa. Ana gurza ɗanyen dankali kamar kilo ɗaya, a matse ruwansa, a fasa ƙwai biyu, a sa tafarnuwa da majoránka da gishiri da fulawa daidai yadda zai haɗu. A nan ake yawan kuskure, saboda fulawa idan ta yi yawa wainar takan yi nauyi, kuma ƙullin idan ya jima a ajiye yakan yi duhu ya tsatso ruwa. Don haka a gurza dankalin lokacin da kasko ya riga ya yi zafi, a shimfiɗa shi da faɗi babu kauri, a bari gefensa ya soyu sosai. A al'adance da kitsen alade suke soya ta, amma man girki na yau da kullum yana yin aikin, kuma a ganina tafarnuwa ce ke ɗauke da ɗanɗanon tun asali.

Sai knedlíky, wani dafaffen curin fulawa wanda ake kwaɓawa da fulawa mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da madara da ƙwai da yis, a cusa gutsattsarin busasshen burodi a ciki. Ana mulmula shi dogo, a dafa a tafasasshen ruwa kamar minti 20, a juya shi a tsakiyar dahuwa. Da an tsamo shi sai a tsattsaga masa ƙofofi da cokali mai yatsu don tururi ya fita, in ba haka ba zai shafe ya yi tauri, sannan a yanka shi da zare. Abin da ya rage washegari a yanyanka shi a soya da albasa, a fasa ƙwai a kai, a ci da kokwambar da aka jiƙa a ruwan tsami.