Idan Mai Jiki Yana Killace, Ina Ake Kai Dubiya?

(An rubuto daga faifan laccar da wani ma'aikacin jinya mai ritaya ya gabatar a taron unguwa a Kano, cikin hunturun farkon 2021.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ana ji na a can baya? Takunkumin nan cinye magana yake yi, amma ba zan cire ba, sai dai in ɗaga murya. To, madalla. Malam shugaba, iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, matasa, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan yadda za mu tallafa wa gidan da korona ta kwantar musu da mutum a asibiti, kwanciya mai tsanani, irin wadda sai an sa wa mutum oksijin. Abubuwa biyar na rubuto a 'yar takardar nan.

Kafin in shiga, na san akwai wanda yake zaune a nan yana cewa a ransa, wai har yanzu ana maganar korona? Ba zan yi gardama da kai ba. Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka samu mutum na farko a Kano. Kafin watan ya ƙare, kowa a nan ya ji abin da masu haƙar kabari suke faɗa, cewa mace-mace sun yi yawa a garin. Daga baya ministan lafiya da bakinsa ya ce mutum 979 aka ƙirga a mace-macen nan, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilun ya rasu da cutar, kuma ba rashin kuɗin magani ne ya kashe shi ba. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Mu wuce.

Na farko, mu gane abin da ya canza. Mu yadda muka saba, in mutum ya kwanta, akwai majinyaci da tabarmarsa a gefen gado, akwai kular tuwo, lokacin dubiya kuwa sai ɗakin ya cika har ma'aikata su fara kora. Ni kaina na sha korar mutane, wasunku ma na gane fuskokinsu. (dariya) To korona ta rushe wannan. An kai mutum Kwanar Dawaki ko wata cibiyar killacewa, ba mai shiga. Mutanen gidansa kuma an ce su zauna kwana 14 kada su fita. Shi na asibiti yana da likita a kansa. Waɗanda ke gida fa? Can dubiyarmu ta koma, ƙofar gida.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, Malam shugaba ka yi haƙuri. Akwai wata magana da muke yi, ina roƙon mu daina ta. Ka buga waya ka ce, "Sannu Hajiya, ya mai jiki? In akwai abin da ake buƙata a yi magana." Ta ce, "Babu komai, an gode." Ka kashe waya, ka ji a ranka ka sauke nauyi. Wallahi ba ka sauke komai ba. Yaushe Bahaushiya za ta buɗe baki ta ce wa maƙwabci shinkafarmu ta ƙare? Gara ta dafa ruwa yara su ga tukunya a kan wuta. Kuma ku duba irin magidantan da muke da su a unguwar nan. Wannan ɗan adaidaita sahu ne, wancan yaron shago ne a Kantin Kwari, wancan tela. Ranar da bai fita ba, babu cefane. Yau ga shi kwana goma yana kwance.

Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta, shekara ta takwas bayan hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Malamai suna nan, in na kauce su gyara min. Na san wannan a kan rasuwa ne. Amma ku duba dalilin da aka bayar, shagala. Kuma ku lura, ba a ce a je a tambaye su ko suna buƙata ba. Cewa aka yi a dafa. A dafa a kai. Ina maimaitawa don matasan can da ke danna waya: a dafa a kai.

Bari in ba ku abin da na gani a wani gida, ba zan faɗi layin ba. Ranar da motar masu gwaji ta tsaya a ƙofarsu, mutanen da suka sauko sanye da fararen kayan nan har da tabarau, kashegari ɗan garuwa ya daina tsayawa. Zai turo kurarsa, in ya zo daidai gidan sai ya ƙara sauri. Almajirin da ke yi musu aike ya ɓace. Mai kwasar shara ma haka. Gida mai yara biyar, babu famfo, babu rijiya. Abinci suna da ɗan saura, ruwa ne ya gagare su. Wata tsohuwa ce a maƙwabta ta lura, ta sa jikanta yana ajiye jarka biyu a zaure kullum da safe, ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. Abin da ake nema ke nan. Cutar nan a numfashi take tafiya, in an kusanci juna, musamman a ɗaki rufe. Ba ta haura katanga. Ka sa takunkumi, ka ajiye kaya, ka ja baya kamar taku huɗu, ka yi sallama, ku gaisa daga nan, su ga fuskar mutum.

Sannan a yi rabon kwana. Mu abin da muke yi, ranar farko kula bakwai za ta shiga gidan, har tuwo ya yi tsami a zubar. Rana ta tara kuwa ko kunu babu, kowa ya ɗauka wani ya kai. Ku zauna, gida bakwai, kowa ya ɗauki rana. Ku rubuta a takarda ko a zauren WhatsApp ɗinku, tunda dai kuna da shi, ya yi amfani ko sau ɗaya. (dariya) Kuma ba dafaffe kaɗai ba. Gawayi, ko a cika musu tukunyar gas. Sabulu. Kunzugun jariri. Audugar mata, wannan maza ba sa tunawa, iyayenmu mata ku riƙe wannan. In akwai tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a gidan, a tambayi sunan ƙwayarsa a sayo, domin irinsu ne cutar ta fi kayarwa, bai kamata maganinsu ya yanke ba. Katin waya da data. Kuɗi kuwa a tura a asirce. Ban da sanarwa a lasifikar masallaci, ban da hoto. Akwai masu kai mudun shinkafa ɗaya da masu ɗaukar hoto uku, Allah ya shirye mu.

Na ce zan daɗe, na daɗe. Na uku, waya. A ware mutum ɗaya a dangi, mai natsuwa, shi ne zai riƙa magana da likitoci, shi zai sanar da kowa sau ɗaya ko biyu a rana. Ma'aikacin da ke cikin rigar kariya ba ya iya zaro waya daga aljihu, sai ya fito ya tuɓe. In mutum goma sha suna kira, wa zai duba marar lafiyar? Shi wakilin kuma ya san abu biyu uku. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa yana nuna oksijin ɗin jini. Mai lafiya 95 zuwa sama, in ya sauka ƙasa da 90 akwai damuwa. Amma yana hawa yana sauka, kada lambar safe ta sa a fara koke-koke. Sau da yawa a mako na biyu jiki ke rikicewa. In an ce an kwantar da shi rub da ciki, magani ne, huhu ya fi samun iska a haka. Shi mai jikin kuma, da abin oksijin a fuska magana wahala ce gare shi. Ku tura masa gajeriyar murya, ta yara ta fi, wadda ba sai ya amsa ba. A aika masa caja mai doguwar igiya, da tabaransa, da carbinsa.

Na huɗu, ko na uku ne? Na huɗu. Magunguna. Tazargade, citta, tafarnuwa, sirace, har ruwan Madagaska, haɗin ganyen nan da aka yi ta yayi bara. Wanda ke gida ya sha shayin cittarsa, ban hana ba. Amma kada a zuba wani haɗi a cikin kunu a aika asibiti likita bai sani ba. Sannan tun da aka ji a watan Yunin 2020 masu bincike a Ingila sun gano maganin dexamethasone yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai mutane suka ruga kemis. Ga wanda ke kan oksijin ne yake aiki, a hannun likita. Mai ɗan tari a gida ba abin da zai yi masa sai tayar da suga.

Sauran, tsangwama, kada a hana yaran gidan wasa bayan sun gama kwanakinsu, kada a riƙa nuna gidan da baki... Na'am? Akwai tambaya? A miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa ta tambaya: in mai jikin yana da mahaifiya tsohuwa, a faɗa mata gaskiyar halin da yake ciki, ko a ɓoye?)

Hajiya, kin taɓo wuri mai wuya. Na san abin da muke yi, "yana samun sauƙi, yana samun sauƙi," har ranar da za a shigo mata da labarin da ba ta shirya masa ba. Kuma a cutar nan ba lallai ta ga gawar ba, jana'izar ma mutane kaɗan ake bari. Sai ta zauna da cewa kowa ya sani ban da ita. Ni a ganina a faɗa mata, amma da awo. Ba sai an kawo mata lambobi ba. A ce, "Inna, jikin ya yi tsanani, an sa masa oksijin, likitoci suna kansa, addu'arki muke nema." Wanda take jin nauyinsa ne zai faɗa, da rana, bayan ta ci abinci ta sha maganinta, ba ta waya da tsakar dare ba. In tana da hawan jini, a auna kafin nan, kuma wani ya kwana a ɗakinta. Sannan a roƙi ma'aikatan, in jikin ya ɗan lafa, su kara masa waya a kunne ko minti ɗaya ne ta yi masa addu'a. Da yawansu suna yi in an roƙe su da mutunci.

Malam shugaba yana nuna min agogo. Masu son shiga rabon kwanan nan, takarda tana wajen sakatare a bakin ƙofa, a rubuta suna da rana. Layi ɗaya ɗaya don Allah, ban da cunkoso.