Adashin laburare: yadda jami'o'i ke haɗa kai su sayi karatu

Jama'a sannunku. Duk wanda ya taɓa rubuta memwar, wato kundin binciken kammala digiri, a nan arewacin Kamaru ya san wannan wahalar, ka samo takardar bincike a intanet, ka danna, sai a ce ka biya dala talatin ko arba'in kafin ka karanta shafi goma. Ƙanwata bara sai da ta hau mota ta kwana a hanya don kawai ta ɗauki hoton wasu shafuka na wani tez, wato kundin digirin dakta, da waya, wallahi har yau abin yana min ciwo.

Toh maganin da laburaren jami'o'i suka samo shi ake kira konsosiyom, ni dai adashi nake ce masa. Kowa ya kawo nasa, a je wurin manyan kamfanonin buga mujallun kimiyya irin su Elsevier da Springer da baki ɗaya, a yi ciniki sau ɗaya, kuma mai sayen buhu ai ba farashin mai sayen mudu ake ba shi ba. Ƙungiyar EIFL tun 1999 aikinta ke nan, tana taya ƙasashe masu tasowa wannan cinikin. Akwai kuma Research4Life, tsarin karanta mujallun kimiyya ta intanet, wanda ya fara da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, AGORA na harkar noma ya biyo a 2003, jami'o'in ƙasashe marasa ƙarfi suna shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan.

Yanzu ku duba namu. Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa 2008, Garwa kuma 2022, daga Marwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 500. In kowacce za ta sayi littafi iri ɗaya da kuɗinta, an biya kuɗin abu ɗaya sau uku. A nan tsarin dogon zango yake shigowa, wato shugabannin laburare su zauna su rubuta abin da za a yi cikin shekara uku ko biyar, wa zai ƙarfafa littattafan kiwo da likitancin dabbobi, wa zai riƙe na koyar da malamai, sannan a zuba sunayen littattafan duka a katalog guda. Manhajar Koha ta tsara katalog kyauta ce, ba sai an sayi lasisi ba, ɗalibi yana zaune a unguwar Domayo ta Marwa ya ga cewa littafin da yake nema yana kan kanta a Dang, inda jami'ar Ngaundere take, ya nemi aro a aiko masa ko a sikana masa babin. Tez da memwar kuma a ɗora su a DSpace, manhajar adana bincike a intanet, maimakon su kwanta a kwali gara na ci.

Amma fa wurin da adashi ke fashewa shi ne zubi. Wata jami'ar kasafinta ya makara, kamfani ya yanke abonema, wato rajistar karanta mujallun, kowa ya shiga duhu. Shi ya sa dole a rubuta tun farko, nawa babba za ta zuba nawa ƙarama, yaushe, kuma wa ke riƙe asusu. Kuɗin sola da horar da ma'aikata ma a sa su ciki, don mujallar da aka biya ba ta buɗuwa in wuta ta ɗauke.

Gobe in ka shiga laburarenku, ka tambayi mai kula da wurin ko kuna da rajista da Research4Life, in akwai ya nuna maka yadda ake shiga.